Koke Ɗaya Tak a Garin Ankusa

A wani gari da ake kira Ankusa, an yi wata mata mai suna Uwani Jatau, wadda ta shafe shekara goma sha tara tana aiki a Ofishin Saƙonni ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Garin ya samo sunansa ne daga amsar da hukuma ke bai wa kowace tambaya. Yaushe ruwa zai zo famfo? An kusa. Yaushe za a cike ramin bakin kasuwa, wanda ya riga ya ci jakuna biyu da amalanke? An kusa. Mutane sun saba da kalmar har sun fara gaisawa da ita.

Mai mulkin garin shi ne Alhaji Sambo Na-Kowa, Shugaban Riƙon Ƙwarya na Dindindin. Wata uku aka ce ya riƙe, ga shi an shiga shekara ta ashirin da biyu, ƙwaryar ba ta fashe ba, shi kuma hannunsa bai gaji ba. Yana da majalisa ta mutum tara da ake kira Majalisar Gyaɗa Kai. Sakatarenta Malam Ɗantala mutum ne mai tsari ƙwarai, yakan rubuta abin da aka yanke tun kafin a zauna, don kada a ɓata wa manya lokaci.

Ofishin Saƙonni ɗaki ɗaya ne a gefen Kasuwar Sauƙi, tsakanin masu manja da masu daddawa. Da yake sabis ɗin waya bai iso garin ba tukuna, duk saƙon imel da za a aiko wa ɗan Ankusa, ko wanda ɗan Ankusa zai aika wa hukuma, ta wannan ɗakin yake bi. Akwai farantin kamo saƙo da allon sola a kan rufi, sai wata 'yar kwamfuta a kan tebur wadda ba ta fi kwanon sha girma ba. Mutane suna ce mata Gajeriya. Da rana kawai take aiki, domin batirin ofishin ya tafi aro gidan Shugaba tun makon da aka kawo shi.

Gajeriya tana da rumbu, tana kuma da ƙwaƙwalwa. Rumbun, inda take ajiya, yana da faɗi. Ƙwaƙwalwar kuwa, inda take baje abin da take aiki a kansa, ba ta wuce faifai ba. Injiniyan da ya kafa ta, wanda ya tafi a ranar bai sake waiwayo garin ba, ya saita ta ne yadda duk saƙon da ya shigo za a ɗinke shi a gindin wanda ya riga shi, cikin fayil guda. Wasiƙar masoya, sanarwar rasuwa, takardar asibiti, koken talaka, duk a dunƙule wuri ɗaya. Uwani ta raɗa wa fayil ɗin suna Buhu. In ana son saƙo ɗaya, ko da layi biyu ne, sai Gajeriya ta ɗauko Buhun dungurungum ta juye a kan ɗan faifanta, sannan ta shiga lalube.

A shekarun farko abin bai dami kowa ba. Uwani kan danna, ta gyara ɗaurin ɗankwali, saƙo ya fito. Da Buhu ya yi nauyi sai ta danna ta je ta sayo ƙosai. Da ya ƙara nauyi sai ta danna da hantsi, ta yi azahar, ta dawo ta tarar ana nan ana lalube. In kuma sabon saƙo na shigowa, sai a ɗaure bakin Buhun, ba mai ciro komai sai ya gama shiga. A 'yan shekarun nan kuwa abin ya zama sai sa'a. Gajeriya kan cicciɓi Buhun, ta yi nishi, jikinta ya yi zafin da zai gasa masara, ta suma. Sai a yi kwana goma kafin ta iya fito da saƙo uku.

Ba za a ce hukuma ta yi sakaci ba. An kafa kwamiti, ya je ƙasashe uku ya duba kwamfutocinsu, ya dawo ya tabbatar cewa suna aiki. An sayo wa Gajeriya fanka. An ba ta lambar yabo ta haƙuri da juriya, aka rataya mata da zare.

Ana cikin haka Baba Cindo ya fara zuwa. Tsohon mai haƙar rijiya ne, rabin rijiyoyin garin shi ya haƙa su da ƙuruciyarsa, yanzu yanar ido ta rufe masa duka biyun. An kai shi asibitin birni, inda wasu likitocin ido suka zo aikin wata guda. Suka duba shi suka ce idon zai gyaru, suka rubuta sunansa, suka ce za su aiko masa da ranar zuwa ta saƙo. Wanda bai zo ranarsa ba, an bai wa wani gurbinsa. Kullum da hantsi sai ya taho da sandarsa yana bin hanci. In ya ji manja ya san ya kusa, in ya ji daddawa ya san ya wuce.

"Salamu alaikum. 'Yar nan, ya zo?"

"Ina jin ya zo, Baba. Na ga fitila ta ƙifta shekaranjiya. Yana cikin Buhu."

"To, ciro mini."

"Ai ita ce ta suma."

"A yayyafa mata ruwa mana."

"Ba irin wannan suman ba ne, Baba."

Ya laluba benci ya zauna, ya ce ta yi masa bayanin ciwon. Ta yi masa dalla-dalla, da rumbu da faifai da Buhu. Ya juya sanda a tafin hannu.

"Ni dai na haƙa rijiya mai gaba talatin," in ji shi, "amma ban taɓa ganin wanda ya ce sai ya ɗago rijiyar gaba ɗaya zai sha ruwa ba. Guga ake zurawa."

Maganar ta tsaya wa Uwani a rai. Saura kwana goma likitocin su tafi. Da tsohon ya fita, sai ta durƙusa ta zaro littafin da ya zo tare da Gajeriya, wanda ya shekara goma sha tara yana tokare da gurguwar ƙafar tebur, ta sa dutse a madadinsa. Ta karkaɗe shi ta shiga karatu. Can wajen tsakiya ta ga hanyar ajiye saƙonni iri biyu ce. Ta farko ita ce Buhu. Ta biyu kuwa, kowane saƙo da nasa fayil, kamar ƙullin gishiri, a jera su a aljihu biyu: na sababbi da na waɗanda aka gani. In ana son ɗaya, shi kaɗai za a ɗora a faifai. Littafin ya ce, da manyan baƙaƙe, ƙaramar na'ura hanya ta biyu ta dace da ita. Har ya nuna yadda ake farke Buhu ba tare da an ɗaga shi ba: kowane saƙo da kalmar "Daga" yake farawa, sai a bi daga baki ana yankewa a kowace "Daga", ɗaya bayan ɗaya.

Uwani mace ce mai bin doka. Ta rubuta takardar neman ganin majalisa, ta kai da hannu, don ta san in ta tura ta imel Buhu za ta faɗa. Ranar zama ta shiga zauren da faifai, da ɗan buhun gero, da ƙullin gero guda biyar a leda.

"Malama Uwani, bismillah," in ji Shugaba. "Wannan gwamnati ce mai sauraro."

Ta rusuna ta gaida su. Ta juye buhun a kan faifan, gero ya zube ko'ina a kan kafet. Sannan ta share faifan ta ɗora ƙulli ɗaya, ya zauna daram.

"Ranka ya daɗe, abin da Gajeriya ke fama da shi ke nan. Ba ciwo gare ta ba, kaya ne ya fi ƙarfin kanta. In an yarda in raba saƙonnin, kowanne da ƙullinsa, za ta iya."

Mai Ba da Shawara kan Haɗin Kai ya miƙe, babbar rigarsa na kaɗawa. "Ki raba? Na ji daidai kuwa? Shekara ashirin muna wa'azin a zama tsintsiya ɗaya, saƙon mai kuɗi da na talaka suna kwance kafaɗa da kafaɗa, yau ki zo ki ce kowa ya kama gabansa? Yau saƙonni, gobe unguwanni!"

Kawuna tara suka gyaɗa.

"Yallaɓai, suna kwance tare amma ba mai karanta su."

"Ai shi ne adalcin," in ji shi, ya zauna.

Kwamishinan Manyan Ayyuka ya yi gyaran murya. "Malama, aikin nan me zai ci?"

"Ba zai ci komai ba, yallaɓai. Kwana uku ne da rana mai kyau."

Wani daga baya ya ce a'uzubillahi a hankali.

"Aikin da ba ya cin komai," in ji Kwamishina, "ta ina za a kama shi? Wa za a gayyato ya buɗe? Ina za a ɗaura ƙyallen da za a yanka?"

"Ba abin buɗewa, yallaɓai. Saƙonnin ne kawai za su buɗu. Akwai wani dattijo, Baba Cindo, idonsa..."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Shugaba. "Muna tare da shi. Sakatare, me muka yanke?"

Malam Ɗantala ya buɗe takardar da ya rubuta tun ranar Juma'a. Majalisa, bayan doguwar muhawara, ta gano cewa ciwon Gajeriya ƙanƙanta ne, wadda ba ta dace da martabar gari kamar Ankusa ba. Don haka za a ƙera mata akwatin ƙarfe mai tsayin mutum, a fente shi, a saka ta a ciki, a riƙa kiranta Babbar Cibiyar Sadarwa ta Zamani. Aka yi tafi. Wani ɗan majalisa ya tambaya ko geron da ya zube na majalisa ne, aka ce na majalisa ne.

A bakin ƙofa Malam Ɗantala ya tsayar da ita, ya rage murya. "Malama, shawarar ɗan'uwa zan ba ki. Kada ki taɓa Buhun nan. Akwai abin da ya fi idon tsoho ɗaya."

Cikin kwana biyu akwatin ya iso, aiki mafi sauri da aka taɓa yi a tarihin garin. Aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto. A cikin akwatin iska ba ta shiga, sai Gajeriya ta koma suma tun kafin ta kai hannu ga Buhun.

Washegari Baba Cindo ya zo, ya shafa ƙarfen daga sama har ƙasa. "Kai, ta girma! Yanzu za ta ciro?"

Uwani ta dube shi, da fararen idanunsa da ke kallon gefen da ba ta nan. Ta tuna rijiyar gidan mahaifinta shi ya haƙa ta, har yau ba ta ƙafe ba.

"Baba, je ka gida. Ka dawo nan da kwana uku."

Ta kulle ƙofa ta ciki, ta kwance bayan akwatin, ta fito da Gajeriya ta ɗora a taga inda iska ke kaɗawa. Ta buɗe littafin a cinya, ta rubuta umarnin harafi bayan harafi, ta yi bismillah ta danna. Gajeriya ba ta yi nishi ba. Ta kama bakin Buhun, ta ciro saƙo ɗaya, ta yanke, ta ajiye, ta koma ta ciro na biyu. Lamba ta fara hawa a kan allo. In rana ta faɗi aikin ya tsaya, in ta fito ya ci gaba daga inda ya kwana. A kwana na uku, wajen la'asar, lambar ta tsaya a dubu arba'in da ɗaya da ɗari uku da shida. Wannan saƙonnin mutane kawai ke nan, waɗanda ba a taɓa buɗewa ba.

Uwani ta rubuta sunan Cindo. Kafin ta ɗauke yatsa saƙon ya fito. Layi biyu ne: ya zo ranar Alhamis da safe, kada ya ci komai. Ranar kuwa Talata ce. Uwani ta fita ba takalmi, ta same shi a hanya yana tahowa. Wani direban motar manja da zai koma birni washegari ya ce zai ɗauke shi a gaba, kusa da shi.

Da ta dawo ta zauna duba abin da ya cika Buhun, sai ta riƙe baki. Kashi tara cikin goma na nauyinsa hotunan Shugaba ne. Ofishin Yaɗa Alheri yakan aika wa kowane ɗan gari kowane hoto, ko ya nema ko bai nema ba. Ga Shugaba yana buɗe famfo, ga shi yana sake buɗe famfon nan dai da wata hular, har sau bakwai. Ga shi yana duba ramin bakin kasuwa cikin alhini. Saƙonnin talakawa kuwa, duk yawansu, gajeru ne marasa nauyi, in an tara dubu ba su kai hoton babbar riga ɗaya ba.

Ta buɗe ƙofa ta sa aka yi shela a kasuwa, duk mai jiran saƙo ya zo. Layi ya miƙe har ya wuce masu daddawa. Mati tela ya karɓi takardar kiransa aiki a wata masaƙa, mai kwanan watan shekara shida da suka wuce, ya tsaya yana karantawa yana sakewa kamar kwanan watan zai canza. Iya Lantana mai koko, wadda ta shekara takwas tana cewa ƙanenta ya tafi ci-rani ya manta da ita, ta tarar da saƙonsa casa'in da ɗaya, kowane wata guda. Uwani ta karanta mata su a jere. Na ƙarshen ba shi ya rubuta ba, maƙwabcinsa ne, yana ba da haƙuri, yana faɗin inda aka binne shi. Iya Lantana ba ta yi kuka a nan ba. Ta ce a buga mata su duka a takarda, ta naɗe a bakin zane.

Sai kuma waɗanda aka aika wa hukuma. Fiye da rabin saƙonnin koke ne zuwa ga Shugaba: rufin aji ya faɗa, maganin asibiti ya ƙare, ruwan unguwar marina yana sa yara gudawa. Kowanne da ɗan tambarin da ke nuna ba a taɓa buɗe shi ba. Mutanen da aka yi ta ce wa ana duba kokensu suka ga da idonsu. Ranar Alhamis kasuwa ba ta ci ba. Jama'a suka taru a ƙofar majalisa, kowa da takardarsa a hannu, abin da ba a taɓa gani ba a Ankusa.

Ranar Asabar aka kira Uwani. Wannan karon ba a ce mata bismillah ba. Malam Ɗantala ya nuna mata bango, inda aka jera kofuna takwas masu walƙiya.

"Kin san waɗannan? Kambun Garin da Ya Fi Kowa Kwanciyar Hankali. Shekara takwas a jere muna ci. Takardar gasar tambaya ɗaya take yi: fayil nawa ne na koke ke jiran amsa a garinku? Shekara takwas muna rubuta ɗaya. Ba mu taɓa yin ƙarya ba, Malama. Ɗaya ne."

Shugaba ya girgiza kai cikin takaici. "Malama Uwani, na ɗauke ki kamar 'yata. Na bar miki gari da matsala ɗaya tak. Cikin kwana uku kin mayar da ita dubu arba'in da ɗaya. Ko annoba ba ta yi wannan saurin ba."

"Ranka ya daɗe, ba ni na haife su ba. A ciki na same su."

"A ciki ɗaya ne. A hannunki suka hayayyafa."

"Ranka ya daɗe, in an amsa su ai za su ragu."

Aka dubi juna. Kwamishinan Manyan Ayyuka ya ce a rubuta wannan ma cikin laifuffukanta.

Hukuncin yana rubuce tun jiya. Majalisa ta gano cewa asalin fitinar shi ne Gajeriya ta cika tuna abubuwa, don haka za a rage mata ƙwaƙwalwa. Ita kuwa Uwani, saboda daɗewarta a aiki, an ƙara mata girma zuwa Babbar Darakta Mai Kula da Ofishin Saƙonni daga Waje. Aka karɓe makullin, aka ba ta kujera a ƙofa.

Wanda aka bai wa aikin shi ne Alhaji Gambo Sai-An-Gwada, ɗan kwangilar da ya ƙera akwatin, mutum mai fara'a da son hira. Uwani na zaune a ƙofa tana leƙe ta taga. Ya kwance sukurori huɗu, ya zare rabin ƙwaƙwalwar, ya kunna. Gajeriya ta ɗauko ƙulli ɗaya ta buɗe, ko gezau. Ya sake ragewa har ya zama abin da ya saura bai fi murfin kwalba ba. Ta sake buɗewa.

Ya leƙo ta taga yana share gumi. "Hajiya, wannan tsarin naki hatsabibi ne. In dai ɗaya-ɗaya za ta riƙa ɗauka, ko na bar mata ƙwaƙwalwar ƙuda sai ta karanta."

Ya koma ya gaya wa majalisa, aka faɗaɗa masa aikin. Ya kwashe ƙullin nan dubu arba'in da ɗaya ya ɗinke su wuri guda, ya sa hotunan Shugaba a sama don girmamawa, ya ƙara da sababbin hotunan bikin buɗe akwati. Gajeriya ta hango Buhun kawai ta suma. A ranar Malam Ɗantala ya cike takardar gasar bana, ya rubuta ɗaya, ya sa hannu da zuciya fes.

Ranar Litinin da hantsi Uwani na kan kujerarta sai ta ga wani tsoho yana tahowa ba sanda, ido ɗaya har yanzu fari da yana, ɗayan yana ta zagaye kasuwa kamar baƙo. Ya tsaya a gabanta ya daɗe yana kallonta.

"Ke ce Uwani? Ashe kin yi furfura. Ni ina nan ina ce miki 'yar nan."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ba shi kujerar Darakta ya zauna.

"Sun yi ɗaya, Alhamdu lillahi," in ji shi. "Na ga jikokina jiya, na ga ramin nan ma, ashe ya kai haka. Sun ce ɗayan sai wannan ya huce, wasu likitocin za su zo bayan damina. Za su aiko da ranar ta saƙo. Na ce musu ba damuwa, yanzu ofishinmu kamar walƙiya yake."

Uwani ta waiga ta dubi ofishin. Ta ce Allah ya kai mu, ya ce amin, ya tashi ya tafi yana kallon komai.

Bai yi nisa ba sai ga ƙarar manyan motoci. Tirela uku suka shigo, suka kauce wa ramin, suka tsaya a filin kasuwa. Mai shela ya biyo baya yana cewa, saboda ƙorafin da aka yi, Shugaba mai sauraro ya amince a kaɗa ƙuri'a ranar Asabar, jama'a su faɗa da bakinsu ko ya ci gaba da riƙon ƙwarya. Aka buɗe bayan motocin. Katan-katan na taliya ne, da sabulu, da atamfa mai hoton fuskar Shugaba. Kafin a sauke rabi layi ya kafu. Uwani ta hango Mati tela a gaba-gaba, takardar masaƙar tana leƙowa daga aljihunsa. Ta hango mutanen unguwar marina. Ta hango waɗanda ranar Alhamis suka rantse ba za su bar ƙofar majalisa ba sai an amsa musu, suna ture juna suna cewa a bi layi.

Alhaji Gambo ya fito daga ofishin da jakar kayan aikinsa, ya kulle ƙofa, ya duba agogo.

"Hajiya Darakta, sai haƙuri, zan wuce. Babban aikin yana can yana jirana."

"Wane aiki kuma, Alhaji? Ba ka gama da Gajeriya ba?"

"Ita ai gwaji ce. Aiki iri ɗaya ne, rage ƙwaƙwalwa, wancan dai ya fi yawa." Ya nuna filin kasuwa da haɓa, ya buɗe jakar, ya ciro sukudirebansa ya ajiye mata a cinya. "Riƙe mini wannan. Gajeriya ce mai taurin kai, sai da na kwance sukurori huɗu. Waɗannan na kan layi ko kwancewa ba sai an yi ba."